Tarwaɗar Maman Ruth Ta Yi Ladabi

Duk wanda ya saba bin layin masu kayan miya a Gyaɗi-Gyaɗi da hantsi ya san Maman Ruth, in bai san sunanta ba ya san zamanta. Ita ce matar nan mai jiki da za ka tarar ta ɗare kan murfin wani ƙaton baho, bahon yana rawa a ƙarƙashinta, ita kuwa tana ta hira da masu wucewa kamar a kujerar falo take. Baƙo yakan ja ya tsaya yana kallo. 'Yan unguwa ko waiwaye ba sa yi, sun san tarwaɗa ce a ciki. Haka ake kashe ta, a watsa mata gishiri, a rufe, a danne, don in ba a danne ba sai ta yi fatali da murfin ta bi layi. Wasu dutse suke ɗorawa. Maman Ruth ta ce ita Allah ya hutar da ita neman dutse.

Lydia ne sunanta, amma rabon da a kira ta da shi tun da ta haifi 'yar farinta Ruth. A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife ta, 'yar manomi mai zuwa rafi kamun kifi idan aikin gona ya lafa. Tana da shekara ashirin da biyu aure ya kawo ta Kano, gidan Malam Iliya, malamin firamare a Tarauni, mutum siriri mai sanyin magana wanda bai taɓa yin sauri a rayuwarsa ba. Albashin malamin makaranta kuwa kowa ya san inda yake tsayawa, saboda haka amarya ba ta daɗe ba ta nemi sana'a. Ta soya doya, ta yi ƙosai, ta yi awara. Har saƙa rigunan sanyi ta taɓa yi, a garin da sanyinsa bai wuce wata biyu ba, kuma Malam Iliya ne ya ƙare da sa su ɗaya bayan ɗaya.

Da kiwon kifi ya yawaita a gefen gari, aka fara shigo da tarwaɗa mai rai cikin jarkoki, sai Maman Ruth ta ga abin da aka halicce ta dominsa. Mata da yawa suna tsoron tarwaɗa, kuma da gaskiyarsu. Kifi ne mai ƙaya a kowane gefen kai, in ya soke ka sai ka kwana kana jin bugun zuciyarka a yatsa. Ita kuwa tun tana yarinya ubanta ya koya mata inda ake cafke shi. Duk da haka ta sha suka, ta sha mari da jela, har hannuwanta suka cika da tabo. Ba ta taɓa yin kuka da wannan ba. Cewa take kifin da bai yi faɗa da kai ba, ba ka san abin da ke damunsa ba. Ta kafa rumfa a ƙofar gida, tana sayar da mai rai, tana yin banda, da rana kuma ta ɗora farfesu da citta da masoro da daddoya, ƙamshinsa har bakin titi inda 'yan a-daidaita-sahu suke tsayawa.

Amma in ka tambaye ta abin da ta fi tinƙaho da shi a duniya, ba rumfar za ta ce ba, ba kuma 'ya'yanta uku da kifi ya kai makaranta ba. Cewa za ta yi, "Hajiya Hadiza tana cin girkina."

Sai ka san Hajiya Hadiza za ka gane girman maganar. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Hajiya mace ce mai tsantseni har ya yi yawa. Ba ta cin abincin biki, ba ta cin na kasuwa, na surukarta ma sai ta ce ta ƙoshi. Shekara uku ta yi tana leƙen yadda sabuwar maƙwabciyarta take wanke tukunya kafin wata rana ta miƙo kwano ta saman katanga ta ce, "Ɗan sam mini abin nan mai ƙamshi." Daga ranar aka ƙulla. A bayan Maman Ruth autar Hajiya, Nafisa, ta yi rabin ƙuruciyarta. Shekarar da gari ya rikice, a uwar ɗakan Hajiya Maman Ruth da 'ya'yanta suka yi kwana huɗu, Hajiya tana zaune a zaure da carbinta, ba wanda ya isa ya wuce ta. Ba su cika yin zancen wannan ba. Amma duk unguwa an san akwai tukunya ɗaya tak da Hajiya take ci ido rufe, kuma mai tukunyar ta fi kowa sani.

Aibi ɗaya Maman Ruth take da shi, shi ne tana son waƙa, waƙa kuwa ba ta son ta. A zumuntar mata ta cocinsu an rasa yadda za a gaya mata, sai aka yi dabara aka ba ta tulu ta riƙa bugawa, aka ce ba wanda ya kai ta hannu. Ta karɓa da murna, ta ci gaba da bugun tulu tana waƙar tare. A rumfa ma haka, tana wanke yauƙin kifi tana rerawa, masu kayan miya suna haƙuri.

Talata da Asabar ake kawo mata kaya. Lawan ne mai kawowa, direban wata tsohuwar a-kori-kura, yana ɗauko kifin daga gonakin wajen Kura. Kullum tafiyar takan ci wani abu. Tarwaɗa in an cusa ta a jarka, ga zafi ga gargadar hanya, faɗa take da 'yar'uwarta, su soki juna, su iso da raunuka, wasu ma sun mutu. Haka aka saba shekara da shekaru.

Sai bazarar bara, ana tsakiyar zafin nan da ke sa kwalta laushi, Lawan ya sauke kaya wata Talata, Maman Ruth ta leƙa ta ga abin mamaki. Kifi sumul, ba ƙwarzane ko ɗaya, ba matacce, suna kwance a gindin ruwa suna kaɗa jela a hankali. Ta sa hannu ta ɗauko guda, ya kwanta mata a tafi. Ta watsa gishiri ta hau murfi, ta ji ɗan ƙwanƙwasa sau biyu, shi ke nan.

"Lawan, wace makaranta ka kai su?"

Lawan ya yi dariya ya ce, "Mama, zamani ne. Kifin bana mai ladabi ne."

Asabar ma haka, Talata mai zuwa ma haka. Raunukan hannunta suka warke, ba sababbi. To, ɗan Adam ba ya ganin alheri ya ƙyale shi ba dalili, kuma dalilin da ya fi masa daɗi shi ne wanda ya sa shi a tsakiya. Maman Ruth ta zauna ta yi nazari, ta tuna cewa ranar farkon nan tana cikin wata sabuwar waƙa da suka koyo aka sauke jarkokin. Shi ke nan ta gano bakin zaren. Tun daga nan da ta hango motar Lawan sai ta gyara murya, ta tsaya kan jarkoki ta rera baiti uku cif, sannan a juye.

Ta gaya wa mijinta, wanda a lokacin ya yi ritaya yana zaman karanta tsofaffin jaridu a gindin darbejiya. "Baban Ruth, ka ga ikon Allah? Mutane sun raina muryar nan, ga kifi ya san darajarta."

Malam Iliya ya sauke tabarau ya dube ta. "Shekara talatin ina jin muryar nan, Maman Ruth. Ni dai hana ni barci take yi."

"Ai kai kunnenka na ƙashi ne."

Mutum ɗaya ne ya yi ƙorafi, Obiechina mai sayar da kayan gyaran mota, wanda al'adarsa ce ya tsaya kan baho ya nuna kifin da ya fi kowanne hauka ya ce shi za a yanka masa. Ya zo ya yi ta dube-dube bai ga mahaukaci ba. Ya ce, "Madam, wannan kifi naki azumi yake yi?" Aka yi dariya, ta ce masa natsuwa ce, shi ma ya nema. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma wanda hannunsa ya huta da suka ba ya son jin karin magana.

A cikin watannin nan Nafisa ta dawo gida goyon ciki, cikin fari. Ba ta iya cin komai, tuwo ya dawo, shinkafa ta dawo, farfesun Maman Ruth kawai yake zama. Saboda haka kullum da azahar kwano yana haye katanga. Ranar wata Laraba ta sauka lafiya, 'ya mace. Maman Ruth ta yi guɗar da sai da aka ji ta a layi na uku, ta ƙara yawan farfesun, ta kuma ɗauki alkawarin kifin ranar suna gaba ɗaya. Hajiya ta bi dangi na Daurawa da na Ƙauyen Alu da waya tana cewa kowa ya zo da yunwarsa. Ga jaririya kuma mai haƙuri, duk mai zuwa barka sai Hajiya ta ce, "Kin gan ta nan, ba ta kuka. Ta sha ta yi barci, ta tashi ta sha ta koma."

Ranar Asabar, kwana uku da haihuwa, Lawan ya zo a gurguje, wai tayarsa tana sacewa. A da shi yake tsiyaye ruwan jarkokin a kwata ya tafi da abinsa. Ran nan ya bar mata jarka biyu ya ce ta juye da kanta, zai dawo ya ɗauka. Ta kwashe kifin, ta kifar da ruwan a gindin katanga, ya taru ya yi ɗan tafki.

Hajiya tana da wani toron agwagwa da 'yan layi suke kira Kantoma. Mugu ne na ƙarshe. Ya kori kare, ya kori mai tallan gurasa, har liman ya taɓa sa wa gudu. Kantoma ya fito rangadi ya tarar da tafki, ya sha, ya yi wanka, ya ƙara sha. Bayan kamar awa guda sai ga shi zaune a tsakiyar hanya, wuya a lanƙwashe, ido rabi a rufe. Mai a-daidaita-sahu ya yi ta hon, ko gezau. Wata 'yar yarinya da ya saba kora ta zo ta sungume shi kamar matashin kai ta ajiye a gefe. Layi ya kaure da dariya, masu kayan miya har da tafawa. Maman Ruth ta fi kowa, tana riƙe da ciki tana share hawaye.

"Kantoma ma ya yi ladabi!" in ji wata mai tattasai.

"Ai kuwa," in ji Maman Ruth, "kuma ni ban ma yi masa waƙa ba."

Tana rufe baki ta daina dariyar. Ta maimaita maganar a zuci. Ba ta yi masa waƙa ba. Ruwan kifi kawai ya sha.

Ta juya ta ɗauko jarkar ta karkata ta wajen haske. A gindi akwai wani farin gari da ya kwanta, ga kuma katin magani guda, an ɓalle ƙwayoyinsa duka, ya manne a jikin robar. Ta ciro shi, ta sauke tukunyar farfesun da ke kan wuta, ta yafa gyale, ta tari a-daidaita-sahu zuwa Tarauni, shagon Ashiru likitan dabbobi, inda take sayen abincin kifi.

Ashiru ya goge katin ya karanta, ya ɗago ya dube ta. "Mama, a ina kika samu wannan?"

Ta gaya masa komai, har da Kantoma. Waƙar ce kawai ta tsallake.

Ya ce, "Maganin barci ne, na mutane. Ko a kemis bai kamata a ba da shi ba sai da takardar likita. Na sha jin ana cewa wasu masu dakon kifi suna daka shi su zuba a ruwa don kifin ya lafa, kada ya yi faɗa a hanya. Yau na gani da idona."

"To ai a ruwa yake, Likita. Ni kuwa ina wanke kifina da ruwan zafi da lemon tsami, sau uku."

"Yauƙi kike wankewa, Mama. Kifi a ruwan yake numfashi, abin da ke ruwan yana shiga jikinsa, ya zauna a tsoka. Kada kuma ki dogara da cewa wuta za ta kashe shi."

"Wanda ya ci fa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san yawan abin da ya rage a naman ba, sai an kai ɗakin gwaji. Mai yiwuwa kaɗan ne ƙwarai. Amma magani ne da ba a so mai ciki ta sha haka kawai, ko mai shayarwa, ko direban da zai hau titi. Akwai mai ciki a masu sayen naki?"

Maman Ruth ta tuna da Nafisa da jaririyarta. Muryar Hajiya kawai take ji a kunnenta, ta sha ta yi barci, ta tashi ta sha ta koma. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga kunya a kansa, don wata biyu cur tana tsaye kan jarkoki tana rera waƙa tana yabon kanta.

Da ta koma gida ta zayyana wa Malam Iliya. Ya naɗe jaridarsa, sannan ya ce, "Ba ke kika zuba ba. Ki sallami Lawan, ki nemo kifi a wani wuri, ki yi na suna da shi. Kin san halin Hajiya. In ta ji wannan, ba na jin za ta ƙara kallon tukunyarki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ma ta yi wannan tunanin tun a cikin a-daidaita-sahu. Ba wanda ya ga katin sai ita da Ashiru. Kantoma kuwa ba ya magana. Abin da ta gina shekara kusan talatin, kalma biyu za su iya rushe shi kafin la'asar.

Ta ce, "Wanda yarinyar ta riga ta ci fa? In akwai abin da ya kamata likita ya duba a jikin jaririyar nan, wa zai kai ta in na yi shiru?"

Malam Iliya ya ce, "To, in raka ki?"

"Zauna. Ni na dafa."

Ta tarar da Hajiya a tsakar gida tana dama kunun kanwa. Hajiya ta dubi hannunta ta ga ba kwano. "Yau kuma mai jegon taki azumi za ta yi?"

Maman Ruth ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi a gidan ba. Ta ajiye katin a kan tabarma, ta faɗi komai tun daga Talatar farko, ba ta rage ba, wannan karon har da waƙar. Hajiya ta saki ludayi a cikin kunu.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu, Hajiya."

"Wata biyu ina ɗura wa 'yata da hannuna."

"Da hannuna ne, Hajiya. Ki yafe mini. Amma don Allah a kai su asibiti yau."

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi, ta sa Nafisa ta shirya, ta naɗe jaririyar da kanta. Suka wuce Maman Ruth a durƙushe. A bakin zaure Hajiya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kifin suna a bar shi."

Ranar ba a sake buɗe rumfa ba, washegari ma haka. Duk wanda ya zo saye sai Maman Ruth ta fito ta gaya masa dalili da bakinta. Wasu suka gode, wasu suka tafi suna tsaki, Obiechina ya ce shi da ma ya faɗa. Bandar da ta yi da wanda ta riga ta yanka, ita da Malam Iliya suka haƙa rami a bayan gida suka binne. Masu rai kuwa ta zuba su a tanki tana canza musu ruwa safe da yamma. Ashiru ya ce ko an yi haka shi ba zai rantse a kan ranar da za su tsarkaka ba, sai ta ce to su zauna, ba mai cin su. Kwana biyu suka farfaɗo, ɗaya ya soke ta a babban yatsa har jini ya yi tsartuwa, ta ce, "Yauwa, sannu da tashi." Huɗu daga cikinsu suna nan har yau sun yi ƙiba, Malam Iliya yana kiran su 'yan fansho.

Labarin asibiti ta bakin maza ya zo. Mijin Hajiya ya gaya wa Malam Iliya a ƙofar gida cewa an duba uwa da 'ya, ba a ga komai ba, likita ta ce jariri sabon haihuwa da ma barci ne aikinsa, a dai daina cin kifin, in an ga wani canji a dawo. Ranar Litinin kuma jaririyar ta buɗe maƙogwaro ta yi ta tsala kuka tun daga hantsi har azahar. Maman Ruth ta jingina da katanga tana saurare, ba ta taɓa jin abu mai daɗin wannan ba. Amma daga Hajiya ko tari.

Talata Lawan ya iso yana fara'a, ya tarar da ita tsaye a tsakiyar hanya, hannu a ƙugu. Ta ɗaga masa katin.

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Mama ba da mugunta ba ne. Wani ne a tasha ya nuna mini, ya ce kowa haka yake yi. Kuma ke da kanki kika ce kifina ya fi na kowa, har waƙa kike musu."

"Ka bar maganar waƙar nan in kana son kanka da lafiya. Matarka tana da goyo?"

"Tana da shi."

"Kana kai mata kifin?"

Lawan ya sunkuyar da kai, don yana kai mata. Ta yi masa wankin babban bargo a gaban masu kayan miya, ta sa ya juya da kayan ranar. Ba ta sallame shi ba, ta ce wanda ya ji kunya ya fi wanda ba ta sani ba. Sharaɗi ta kafa masa, kuma har gobe a kansa ake. Duk Talata da Asabar tana gidan gaba a motarsa, ta ga an kamo kifi, ta ga ruwan da aka zuba, a rage yawansu a jarka, a taso da sanyin safiya. Suna isowa da raunuka kamar da, wasu su mutu, ta ce ta ji ta gani.

Laraba ta zagayo, ranar suna. Tun da sassafe ta ji an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Hajiya, ta ji an yi addu'a, ta ji maroƙi yana shelar cewa yarinya ta ci suna Zainab. Malam Iliya ya sa babbar riga ya je cikin maza ya dawo da goro da dabino. Ita kuwa tana zaune a tsakar gida da tsohon zanen aiki, ankon da ta ɗinka tun wata guda yana ninke a kan gado. Mata suna ta shiga maƙwabta, tana gane muryoyinsu ɗaya ɗaya. Ba ta yi nadamar faɗar gaskiya ba, amma zuciyarta tana ciwo, don ba ta taɓa zaton za a yi taro a gidan nan tana jin sa ta bayan katanga ba.

Wajen ƙarfe tara aka yi sallama. Kafin ta amsa Hajiya ta shigo, ta sha leshi, fuska ba yabo ba fallasa.

"Maman Ruth, zaman me kike yi?"

"Hajiya, na ɗauka..."

"Kin ɗauka me? Fushi na yi, kuma ban gama ba, sai bayan suna zan ƙarasa. Yanzu wanzami ya zo yana jira, an rasa mai riƙe yarinya a yi mata aski."

"Ga gwaggonninta cike da gida, Hajiya."

"Na gan su. Kwana huɗu ina lissafa su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina wace ce a cikinsu za ta tako ta durƙusa ta gaya mini abin da kika gaya mini, alhali ba wanda ya gan ta. Ban samu ba. Tashi ki sa kaya, mutumin nan yana da wani sunan a Daurawa."

Maman Ruth ta shiga ɗaki ta fito da anko, ɗaurin ɗankwalin a karkace. Suka ratsa tsakar gidan Hajiya, mata suna buɗa musu hanya. Wanzami yana zaune a kan tabarma ya buɗe zabira yana wasa aska. Ta zauna a gabansa ta miƙe ƙafafu. Nafisa ta fito daga ɗaki da jaririyar, ta tsallake gwaggonni uku da suka miƙo hannu, ta durƙusa ta ɗora mata ita a cinya.

"Mama, ki riƙe ta da kyau, ta cika motsi."

Maman Ruth ta tallafi ɗan kan da tafin hannunta. Wanzami ya shafa ruwa ya ɗora aska, Zainab ta callara ƙara tana harba ƙafa. Hawaye suka zubo wa Maman Ruth har haɓa, kuma ba ta da hannun sharewa, sai Hajiya ce ta sunkuyo ta goge mata da bakin mayafinta.